Gwangwanin Da Bai Yi Numfashi Ba

Ranar Litinin da hantsi, Sufeto Azahari bai ma kai kofin shayinsa baki ba Sajan Malar ta leƙo ofishinsa da fayil a hannu.

"Yallaɓai, mun kwana da baƙo a bayan kanta. Satar tabar lofe."

"Taba? Masu fasa shagunan gwal na garinmu Ipoh duk sun tuba ke nan?"

"Uban ne da kansa ya kawo ƙarar ɗansa. Ya ce kai ma ka san gwangwanin. Yap Teck Seong, mai gyaran agogo."

Sufeto ya ajiye kofin. Ya san gwangwanin kuwa.

Duk ranar Lahadi da yamma mutum huɗu ne ke zama a barandar saman shagon Kawu Yap, kowa da lofensa: shi maigidan, da Lauya Ratnam, da Malam Hamidon tsohon hedimasta, sai Azahari ƙaraminsu. Ba mashaya taba ba ne irin na bakin titi, a ganinsu dai. Su sayen gwangwani suke yi su ɓoye shekara da shekaru a rufe, har tabar ta yi duhu ta yi zaƙi. Ranar buɗewa kuwa biki ce. A sa tsabar kuɗi a gefen murfi a murɗa, kowa ya yi tsit ya miƙo kunne, don a ji ɗan sautin nan da suke kira numfashin gwangwani. Dokarsu ɗaya ce tak: ba a buɗe tsohon gwangwani mutum yana shi kaɗai.

A cikin kabad ɗin Kawu Yap akwai wani shuɗi da ya fi kowanne daraja. Marigayiya matarsa ce ta sayo shi a makon da ta haifi ɗansu Fai, shekara talatin da huɗu da suka wuce, kuma kamfanin da ya yi shi ya daɗe da rufewa. Kawu ya ce za a buɗe ranar da yaron ya gama jami'a. Bai gama ba. Ya ce to ranar aurensa. Ba a yi ba. Fai ya faɗa ƙwaya, daga ƙwaya ya faɗa gidan yari. Wata biyu ke nan da aka sako shi kafin wa'adinsa ya cika, bisa sharaɗin ko allura ya sata zai koma ya ƙarasa. Sai tsohon ya ce ya gaji da jira, dawowar ɗansa ta isa dalili, Lahadin nan za a buɗe. Aiki ya tsare Azahari a garin Taiping, ya kwana yana cizon yatsa.

"Me ya faru jiya?" ya tambaya.

"Sun buɗe, suka tarar an kwashe tsohuwar tabar an zuba ta kasuwa," in ji Malar. "In muka kai yaron kotu, shekara uku ke jiransa a gidan yari. Kuma akwai wani dattijo a waje yana son ganinka. Shi ya tuƙo mai ƙarar jiya."

Malam Hamidon ya shigo da farar rigarsa a goge, riƙe da ƙunshin shinkafar kwakwa a ganyen ayaba. Azahari ya miƙe tsaye ba tare da ya shirya ba. Mutumin nan ya koyar da shi a aji, ya tsaya masa lokacin da mahaifinsa ya rasu, kuma shi ya ba shi lofensa na farko, wanda har yanzu yake aljihunsa.

"Zauna, Azahari, ba makaranta muke ba. Na san ba ka karya ba." Ya ajiye ƙunshin. "Wallahi jiya na ga abin da ban so gani ba. Teck Seong ya tsufa shekara goma a zama ɗaya."

"Malam, kana ganin Fai ne?"

"Wa kuma ke kwana a gidan? Ni na ba da shawarar a kawo shi, ko ya hankalta. Roƙona ɗaya, kada ka ja abin. Zuciyar tsohon nan ba ta da ƙwari, ka sani."

"Zan duba, Malam."

"Yaron kirki," in ji shi, ya dafa masa kafaɗa kamar yadda ya saba.

Sufeto da Malar sun tarar da shagon agogon a rufe, abin da ko ranar sabuwar shekara ba ya wuce rabin yini. Kawu Yap yana sama a baranda, ga gwangwanin a gabansa kan tebur, ga kofuna na jiya ba a kwashe ba.

"Ka zo ganin gawa?" ya ce. "Ga ta nan."

"Kawu, ba ni labari tun daga farko."

"Na sa kuɗin, na murɗa. Shiru. Murfin ya taso kamar na gwangwanin madara da aka sha jiya. Shekara talatin da huɗu, Azahari! Uwarsa ta ɗauko shi a jaka tana ɗingishin jego."

"Ka tambayi Fai?"

"In tambaye shi me? Wanda ya taɓa sayar da zoben uwarsa?"

Sufeto ya sa safar hannu ya jawo gwangwanin. Tabar ciki sabuwa ce, jaja-jaja, irin wadda ake samu a kowane kanti. Amma an jera yankanta ɗaya kan ɗaya tsaf, an naɗe takardar ciki yadda kamfani ke naɗewa. A gefen murfin babu ƙarzar wuƙa ko ta sukundireba. Ya goga yatsa a bakin gwangwanin, wani abu mai santsi ya manne masa.

"Sajan, shinshina."

"Kamar kakin zuma, Yallaɓai."

"Kakin goge lofe ne. Da shi aka mayar da murfin don ya kama."

Malar ta yamutsa fuska. "Ni ban gane ba. In ɓarawo zai sayar, me ya sa bai ɗauke gwangwanin gaba ɗaya ba?"

"Tambayar ke nan. Masu sayen irin wannan, rufin suke saye. Da an buɗe, darajarsa ta tafi da iska. Wanda ya buɗe wannan ba kasuwa ya nufa ba, sha ya yi." Ya juya wajen tsohon. "Kawu, Fai yana shan lofe?"

"Yana da asma tun yana ƙarami. Shi ya sa ya nemi abin haɗiya."

"Makullin kabad fa?"

Kawu Yap ya zaro igiya daga wuyansa. "Ɗaya ne. Ba ya barin jikina sai zan yi wanka."

"Bai taɓa kwana a hannun wani ba?"

"Bai taɓa ba. Sai bara da aka yi mini aikin zuciya, na ba Hamidon ya riƙa buɗe kabad ɗin ya sha iska saboda danshi. Amma Hamidon ai ni ne."

"Haka ne," in ji Sufeto, kuma har zuciyarsa ya faɗa. Malar ce kawai ta ɗago kai ta dube shi.

Fai siriri ne, kansa a aske, ya zauna a ɗakin tambayoyi hannuwansa a kan tebur tun kafin a ce ya ɗora. Mutumin da ya saba ne.

"Ka taɓa buɗe kabad ɗin babanka?"

"A'a, Yallaɓai."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko kusa da shi ba na zuwa."

"To yatsunka su suka je ba da saninka ba? Zanensu yana jikin gilashin kabad ɗin ta ciki, yana jikin gwangwanin."

Fai ya yi dariyar da ba ta da daɗin ji. "To rubuta, in sa hannu. Dama gadona na can bai huce ba."

"Ban tambaye ka gado ba. Me ka je yi?"

Fai ya gyara zama. "Kwana biyu da dawowata ne. Yana wanka, na ɗauki makullin. Juya gwangwanin ka gani, Yallaɓai."

Sufeto ya juya shi a cikin ledar shaida. A gindinsa akwai rubutun Sinanci da tawadar da ta koɗe.

"Sunana ne. Hannun mamata. Ina gidan yari ta rasu, ba su bar ni na zo jana'iza ba. Baba ya kwashe kayanta duka ya ba 'yan'uwanta. Rubutunta da ya rage a gidan nan shi ke nan. Na riƙe, na mayar."

"Me ya hana ka faɗa wa babanka jiya?"

"Ya tambaye ni ne? Ina tsaye da butar shayi Malam Hamidon ya dube ni ya ce, 'Haba Fai, har wannan ma?' Shi ke nan, an gama shari'a."

"Da ka riƙe shi, ka lura da wani abu?"

"Ya lotsa. Ina yaro Baba yakan ba ni in danna murfin, a kumbure yake kamar cikin jaririn da ya ƙoshi. Yakan ce tabar ce ke girma a ciki, tare muke girma. Ranar da na ɗauka a shafe yake. Na ɗauka tsufa ne."

A waje Malar ta ce, "In gaskiya ya faɗa, an buɗe tun kafin ya dawo."

"In gaskiya ya faɗa."

"Yallaɓai, makullin nan na bara..."

"Mu je wajen lauya," in ji Sufeto da sauri, har da ɗan zafi. Ya san bai kyauta mata ba, amma bai ba ta haƙuri ba.

Lauya Ratnam ba ya ofis. Inda kowa ya san za a same shi suka same shi, a shagon kofi na kusurwa, ƙarƙashin fanka, ya baje jarida da tumbi.

"Ah, hukuma! Zauna, zauna. Kai ka tsira jiya, ɗan'uwa. Na je jana'izar da ta fi wannan armashi."

"Ka taɓa taɓa gwangwanin nan, Lauya?"

"Ni? Ko da ido ba na daɗewa a kansa."

"Kawu ya taɓa gaya mini ka kawo masa wani ɗan Singapore da ke son saye."

Ratnam ya shaƙe da kofi. "To, wannan tsohon zance ne. Na gwada sa'ata, ya kore mu da tsintsiya. Amma ka yi mini adalci, Azahari. Ni in zan sata, a rufe zan sata. Ni ba mahaukaci ba ne, lauya ne."

"Faɗa mini yadda kowa ya zauna jiya."

"Kamar kullum. Ni na kwana bakwai ban sha taba ba don harshena ya huta, matata har ta ɗauka na shiryu. Na wanke lofena, na shanya shi kamar jariri. Teck Seong ya fito da na bikinsa. Hamidon kuwa ya ba ni kunya."

"Da me?"

"Da tsohon baƙin lofensa ya zo! Wannan mai warin kamar an ƙona taya. Na ce masa, 'Malam, ina Amarya? Yau da za a kai ta ɗaki ka bar ta a gida?' Ya ce wai ya manta."

Babu wanda ya taɓa zama a barandar nan bai san Amarya ba. Farin lofe ne fat, na wani dutse mai laushi da ake sassaƙawa a Turkiyya. Malam Hamidon ya sayo shi fiye da shekara ashirin, bai taɓa kusantar da ashana gare shi ba. Yakan kawo shi a akwatinsa a zagaya da shi a gani, ya mayar. Kullum maganarsa ɗaya ce: tabar farko da za ta shiga Amarya ita ce ta shuɗin gwangwani.

"Mutum ya manta matarsa a tasha, wannan na yarda," in ji Ratnam. "Amma Amarya? Tsufa ya fara taɓa Malam."

"Da aka sa kuɗin a murfi, ya miƙo kunne?"

Ratnam ya juya cokali a kofin da babu sauran sukari.

"Titi yake kallo," ya ce a hankali. "Azahari, kada ka gaya mini abin da nake tunani."

Hadarin la'asar ya haɗo kan duwatsu lokacin da suka tsaya ƙofar gidan Malam Hamidon. Sufeto ya kashe mota, ya zauna riƙe da sitiyari.

"Ko in shiga ni kaɗai, Yallaɓai?"

"A'a. Ni zan shiga. Ki biyo ni."

Ya cire takalmi a matakalar da ya sha cirewa tun yana ɗan makaranta. Malam yana zaune a ɗakin karatunsa, ga lofuna jere a katako, ga ƙaramin gwangwanin kaki da tsumma. Ya tarbe su da fara'a.

"Har an gama? Na ce maka ba abin wahala ba ne."

"Saura kaɗan, Malam. Amarya na zo gani."

Fara'ar ba ta gushe ba, tsayawa ta yi cak a fuskarsa. "Tana wajen gyara a Penang. Bakinta ya tsage."

"Jiya ka ce wa Lauya mantawa ka yi."

"To na manta tana Penang. Tuhumata kake yi, Azahari? A gidana?"

"Lofen da ba a taɓa sha ba, ta ina bakinsa zai tsage?"

"Ni na koya maka riƙe alƙalami."

"Kai ka koya mini. Ga akwatinta can bayan ƙamus, ina ganin gefensa. Ka miƙo mini da hannunka, Malam. Kada ka sa in dawo da takardar bincike, maƙwabta su fito kallo."

Ruwa ya fara sauka a kan kwano. Tsohon ya miƙe da ƙyar, ya ɗauko akwatin, ya ajiye a tebur bai buɗe ba. Sufeto ya buɗe.

Amarya ba fara ba ce yanzu. Daga wuya zuwa rabin tukunyar ta yi ruwan zuma, gindinta ya fara ja. Dutsen nan haka yake, duk hayaƙin da ya ratsa shi sai ya bar launi, kuma ba ya wankuwa. Wannan launin ba na sha ɗaya ba ne, ba na goma ba. Azahari ya kai tukunyar hanci. Ƙamshi ne kamar na busasshen inabi da tsohon katako, mai zurfi, irin wanda bai taɓa ji ba a rayuwarsa. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne, yawunsa sai da ya tsinke.

"Ina sauran?"

Malam ya nuna durowa da haɓa. Malar ta zaro kwalba mai murfin roba. A ƙasanta akwai yanka uku ko huɗu na taba baƙa wuluk, da ɗan farin ƙyalli a jikinta kamar an barbaɗa sukari.

"Da ka zo da ita jiya, da kowa ya ga launin," in ji Sufeto.

"Ko da tana fara ba zan kawo ta ba," in ji Malam, muryarsa ta dawo irin ta aji. "Na san abin da ke cikin gwangwanin. In zuba mata tabar kanti?"

Malar ta dubi Sufeto. Dattijo yana tsaye a bakin gidan yari, amma martabar lofensa ce ta dame shi.

"Yaushe?"

"Daren da suka ce Teck Seong ba zai tashi ba. Likita ya ce a kira dangi. Na je buɗe kabad kamar yadda ya sa ni, na ɗauko shi ina kuka, wallahi ina kuka. Na ce yanzu zai mutu, 'yan'uwan matarsa su zo su zubar, ko yaron nan ya fito ya sayar a sha ƙwaya. Ina wurin aka kawo gwangwanin nan, Azahari. Na fi yaron jiransa. Shekara nawa yana ɗaga mana rana saboda ɗan da bai taɓa kawo masa komai ba sai kunya?"

"Sai Kawu ya tashi."

"Sai ya tashi."

"Sai ka gaya masa."

Sufeto ya matso kusa da teburin.

"Shekara guda, Malam. Duk Lahadi kana zaune kusa da ni kana cewa, 'Ranar da za a buɗe shuɗin nan, Azahari, za ka san ba ka taɓa shan taba ba.' Ka dawo gida ka kulle ƙofa ka kunna. Kai ka koya mini ba a buɗe tsohon gwangwani mutum shi kaɗai. A kan barandar nan ka faɗa, kana nuna ni da lofe."

"Na yi niyyar faɗa."

"Da ka sha ka yi shiru, da na ce son zuciya ne, kowa yana da nasa. Amma ka dubi yaron da ke riƙe da butar shayi ka kira sunansa. Ka sa ubansa a motarka ka kawo shi. Ka kawo mini shinkafa da safe."

"Ya saba da can," in ji Malam, idonsa a ƙasa. "Shekara uku a wurinsa ba komai ba ne. Ni fa? Yaran garin nan rabinsu ni na koyar."

Azahari ya ji wani abu ya mutu a ransa, kuma ya san ba zai farfaɗo ba. Ya sa hannu a aljihu ya zaro ɗan lofen da ya yi shekara goma sha biyar yana yawo da shi, ya ajiye a kan teburin kusa da gwangwanin kakin.

"Sajan, karanta masa laifinsa. Sata, da ɗora wa wani laifi da gangan."

"In sa ankwa, Yallaɓai?"

"Sa."

Kafin su iso ofis an riga an kira Kawu Yap. Yana zaune a benci, rigarsa jiƙe da ruwan sama, ya kasa ɗaga ido ya dubi ƙofar bayan kanta. Da ya ga wanda aka shigo da shi da ankwa, sai ya miƙe yana dafa bango.

Sufeto ya ajiye kwalbar da farin lofen da ya rine a kan kanta. Bai yi wani bayani ba. Tsohon mai gyaran agogo ne, ya saba gane abu da kallo ɗaya.

"Hamidon," ya ce. "Kai ka riƙe mini hannu a asibiti."

"Na riƙe."

"Da warinta a bakinka?"

Malam ya sunkuyar da kai.

A daidai lokacin kurtu ya fito da Fai, yana miƙa masa bel ɗinsa da 'yar jakar tufafin da uban ya jefo masa jiya. Fai ya tsaya yana kallon su biyun. Kawu Yap bai ma lura da fitowarsa ba. Ya matsa kusa da abokinsa.

"Abu ɗaya zan tambaye ka. Ka gaya mini gaskiya ko sau ɗaya. Da ka murɗa, ya yi numfashi?"

Malam Hamidon ya ɗago kai. Ko a wannan hali sai da idonsa ya yi haske, abin kunya.

"Ya yi, Teck Seong. Dogo. Kamar mutum ya sauke kaya."

Tsohon ya gyaɗa kai, hawaye suna bin kumatunsa. Sajan Malar ta kama gwiwar hannun Malam ta juya shi. Aka wuce da shi ta gaban Fai, ta ƙofar da yaron ya fito, kurtu ya mayar da sakata.

Sai a lokacin Kawu Yap ya waiwaya ya ga ɗansa.

"Fai. Zo mu tafi gida. Na... ruwa ake yi, zo mu tafi."

Fai ya gama ɗaura bel ɗinsa, ya rataya jakar a kafaɗa. Ya dubi Sufeto.

"Yallaɓai, in an gama shari'a, gwangwanin nan wa za a ba?"

"Mai shi."

"Sunana ne a gindi. A ajiye mini, zan zo in karɓa. Zan kawo muku adireshin inda na sauka, saboda sharaɗina."

"Wane adireshi kuma?" in ji tsohon. "Ɗakinka yana nan. Fai, kuskure ne, ruɗe ni aka yi."

Fai ya tsaya a bakin ƙofa. Babu faɗa a muryarsa, kuma wannan ya fi faɗan ciwo.

"Baba, shi da ya sace, ka tsaya ka yi masa tambaya. Ni ko ɗaya ba ka yi mini ba."

Ya fita cikin ruwan ba lema. Kawu Yap ya bi shi har matakala yana kiran sunansa, Sufeto Azahari kuma ya tsaya a bayan kanta yana laluben aljihun da babu komai a ciki.